Na Ba Shi Ya Kai Musu

Ranar da aka kawo ku ofishin nan, na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa cewa aikin tafinta ai zaman hutu ne, duk wanda ya tashi da Hausa ya kuma gama sakandare zai iya. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma da wannan tunanin na zo. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina tsayuwa tsakanin akwatin shaida da kujerar mai shari'a, kuma ƙarshen watan nan zan ajiye aiki. Tun da ku za a bar wa wurin, ku matso in gaya muku yadda yake.

A Gwagwalada na fara, a wata ƙaramar kotu mai rufin kwano, wadda in ana ruwan sama sai a dakata da shari'a don ba mai jin wani. Wanda ya koya mini aiki sunansa Baba Yohanna, mutumin Filato ne, ya fara tafinta tun kafin a san za a gina birni a dajin nan. Hausarsa ta fi tawa, ni da aka haifa a Zariya. Wata uku ya sa na zauna a bencin baya ban buɗe baki ba. Aikina in saurara, in rubuta yadda ni zan juya maganar, in an tashi ya karɓa ya duba. Yawanci sai ya ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya ya miƙo mini littafin. Ni zan je in gano abin da ke damun kalmar.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramin littafi da zai shiga aljihu, biro biyu don ɗaya na iya tsayawa ana tsakiyar jero sunaye, ƙamus wanda a gida ake buɗe shi ba a gaban kotu ba, da gorar ruwa. Baba Yohanna yana ƙarawa da ɗanyar citta saboda murya. Takalmi kuma mai taushi, don akwai ranar da za ka yi awa biyar a tsaye. Sauran kunne ne da fuska. Kunne kun san amfaninsa. Fuska kuwa sai ka koya mata zama wuri ɗaya, domin duk wanda ba ya jin yaren da ake yi, fuskarka yake karantawa. In ka ɗaga gira, mutanen bencin baya sun riga sun yanke hukunci.

Aikin farko da aka bar ni na yi ni kaɗai rikicin gona ne. Shaida ya ce mai gonar ɗan'uwansa ne, ni kuma na juya da kalmar Turancin da ake kiran wanda kuke ciki ɗaya. Lauya ya kama wannan ya yi ta gini a kai har rabin awa, yana cewa shaidar ɗan gida ce, ba abin dogaro ba. Can sai ta fito cewa garinsu ɗaya kawai. Majistare ya cire tabarau ya dube ni, ya soke shafi biyu. Da aka tashi, Baba Yohanna ya kira ni bayan kotu.

"Sule, me mutumin ya ce?"

"Ya ce ɗan'uwansa ne, Baba."

"Wane irin ɗan'uwa?"

"Bai faɗa ba."

"To wa ya aike ka ka ƙarasa masa? In magana ta zo maka da ma'ana biyu, ka nemi izinin kotu ka tambayi mai ita. In kuma ta zo da ma'ana ɗaya, ka miƙa ta yadda take, ko da ka ga za ta cuce shi. Ba a rantsar da kai don ka cece shi ba. An rantsar da kai ka faɗi abin da ya faɗa."

Mutanen da za ku yi wa aiki a garin nan kala-kala ne. Akwai wanda Hausa ba yarensa ba ce, a kasuwa ya tsince ta, zai ce maka "ya zo ya ɗauki buhu" alhali matarsa yake nufi. In ka juya da namiji, ka ɗaure wani bawan Allah da ba ya wurin. Akwai babban ma'aikacin gwamnati wanda Turancinsa ya ninka naka, amma sai ya ce shi da Hausa zai yi magana, don ya samu lokacin tunani yayin da kake juya tambaya. Irin wannan yana jin ka sarai, in ka kauce da kalma ɗaya zai gyara maka a gaban jama'a. Akwai kuma wanda bai taɓa shiga kotu ba, yana shigowa ya ji ka yi masa Hausa sai ya ɗauka ya samu ɗan gida. Kai yake kallo, kai yake yi wa bayani, har ya ce maka, "Kai ma ai ka sani." Wannan shi ya fi wuya.

Bayan da sojoji suka koma bariki aka mayar da ni babbar kotu a cikin gari. Lokacin Abuja tana ta gini ba dare ba rana, duk inda ka waiga bulo ne da rodi. Manyan motoci suna shiga Dei-Dei da siminti da katako da shanu, suna fita da wani kayan. Kuɗi ya yi yawa a kowace tasha, kuma duk inda kuɗi ya yi yawa sai an kafa ƙungiya, an rubuta tsarin mulki, an yi zaɓe. Rabin zaɓukan nan a gabanmu suke ƙarewa.

Shari'ar da zan ba ku labarinta ta wata ƙungiyar direbobin manyan motoci ce, ba sai na kira sunanta ba. Abin da ke hannun ciyaman ɗinsu shi ne layin lodi, wato wa zai ɗauki kaya yau, wa zai jira. Direban da aka tura ƙarshen layi yana iya yin mako biyu motarsa a tsaye, mai mota kuwa ba ya haƙurin mako biyu.

Kun san a zaɓen ƙasa dokar ba ta da sassauci. Sai ka je da ƙafarka rumfar da aka yi maka rajista, a ranar da aka sa. Wanda yake kan hanya, da wanda yake kwance a asibiti, da ma'aikacin da aka tura aikin zaɓen kansa wani gari, duk ba su da ƙuri'a. Direbobin doguwar tafiya sun daɗe da sanin wannan, akwai waɗanda gashinsu ya yi fari ba su taɓa dangwala wa kowa ba. Saboda haka da suka zo rubuta nasu tsarin mulkin, sai suka matsa aka sa wani sashe. Duk ɗan ƙungiyar da zaɓe ya riske shi a hanya, yana iya shiga ofishin reshe mafi kusa, ya dangwala a gaban sakataren reshe, a rufe takardar a ambulan, a rubuta sunansa a baya. Sharaɗin shi ne kwamitin zaɓe ya karɓi ambulan ɗin kafin ƙarfe goma sha biyun rana, ranar zaɓe. Lauya ne ya rubuta musu da Turanci, kuma kalmar da ya yi amfani da ita karɓa take nufi, ba aikawa ba.

A shekarar da abin ya faru, mutum biyu ne suka tsaya takarar ciyaman. Alhaji Sabo, wanda ke kan kujera, da wani direba mai suna Haruna, wanda ake cewa 'yan doguwar tafiya suna bayansa. Direbobi arba'in da ɗaya suka dangwala a reshen Makurɗi. Sakataren reshe ya zuba ambulan ɗin a jakar fata, ya sa kwaɗo, ya ba wani direba mai suna Ɗan'asabe, wanda zai taso da lodin doya. Ɗan'asabe ya taho lafiya har ya wuce Keffi. A Uke kulocin motar ya ƙone, da safiyar ranar zaɓe. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, ya je wurin masu laima da ake biya a yi kira, ya buga wa ofis. Wani ɗan kwamitin zaɓe, Malam Tanko, ya shiga mota ya je Uke ya karɓi jakar. A hanyar dawowa ya faɗa gosulon Mararraba. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a yi mata alkawari. Bai isa wurin zaɓen a Dei-Dei ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Kwamiti ya ce lokaci ya wuce, aka ajiye jakar gefe, aka ƙirga na cikin akwati. Alhaji Sabo ya ci da ratar ƙuri'a goma sha biyu.

Haruna ya kawo ƙara. Maganar lauyansa gajeriya ce. Malam Tanko ɗan kwamiti ne, da ya karɓi jakar a Uke da safe, kwamiti ne ya karɓa, don haka a buɗe a ƙirga. Lauyan Alhaji Sabo kuma ya ce a'a, Malam Tanko ɗan aike ne kawai a ranar, kwamiti a teburinsa yake karɓa, kuma jakar ba ta hau tebur ba sai bayan lokaci. Mai shari'ar wata mace ce mai natsuwa, 'yar kudu, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Lauyan Alhaji ma haka. Lauyan Haruna ne kaɗai Bahaushe a cikinsu.

Malam Tanko ya zo ya ba da shaida, amma bai amfani kowa ba. Wa ya aike ka? Bai tuna ba. Da sunan kwamiti ka je ko da sunanka? Shi dai ya ji an ce mota ta lalace, ya tafi. Ya san tare da Alhaji zai ci gaba da zama a tasha, ya kuma san tare da direbobin zai ci gaba da zama. Na juya masa "ban tuna ba" har na gaji. Saboda haka komai ya koma kan Ɗan'asabe.

Ranar da ya shiga akwatin shaida, kotun cike take da direbobi, har bakin taga. Gajere ne kakkaura, ya sa shaddarsa ta Juma'a, ya riƙe hularsa a hannu duk da ba wanda ya ce ya cire. Ina karanta masa rantsuwa da Hausa sai na ga kafaɗarsa ta sauka. Daga nan bai ƙara kallon kowa ba sai ni.

Lauyan Haruna ya bi da shi a hankali, daga Makurɗi har Uke. Da aka tambaye shi ƙarfe nawa Malam Tanko ya iso, ya ce da hantsi. Turanci ba shi da hantsi. Na nemi izinin kotu, na bayyana cewa lokaci ne da rana ta ɗaga amma ba ta fara zafi ba. Mai shari'a ta rubuta, lauyoyin biyu suka amince cewa bai kai ƙarfe goma ba. Wannan ya wuce lafiya.

Sai lauyan Alhaji ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya yi ta tambayoyi marasa nauyi, doya nawa ka ɗauko, wa ya gyara maka kuloci, ina juyawa. Can ya ce, ni kuma na faɗa da Hausa:

"Da Malam Tanko ya iso, me ka yi da jakar?"

Ɗan'asabe ya dube ni ya ce, "Na ba shi ya kai musu."

Kalma shida ce. Tsakanin ya rufe baki da in buɗe nawa bai fi numfashi ɗaya ba, amma a cikinsa na ga duk shari'ar. In na ce ya danƙa masa jakar, na tsaya nan, ban yi ƙarya ba, kuma mai shari'a da lauyan Alhaji ba za su taɓa sanin akwai sauran magana ba. Lauyan Haruna ya ɗago kai yana kallona, bai ƙifta ido ba. Na kuma san abin da mutumin yake nufi. A Hausa, ko matar gida ka ba wa saƙon gidan, kana iya cewa ka ba ta ta kai musu. Shi a ransa ya sauke amana a hannun masu ita. Amma maganar ba ta zo da ma'ana biyu da zan nemi izinin tambaya ba. Ya ce "na ba shi", ya ce "ya kai", ya ce "musu". Na juya duka ukun.

Lauyan Alhaji ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Mai shari'a ta rubuta, na ga biron yana tafiya a hankali.

"Ya kai wa su wa?"

"'Yan kwamiti mana," in ji Ɗan'asabe.

"A ina?"

"A Dei-Dei."

Lauyan ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna. Lauyan Haruna ya miƙe ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya tambaya ko Ɗan'asabe bai san Malam Tanko ɗan kwamiti ba ne a lokacin da ya ba shi. Lauyan Alhaji ya tashi ya ce ana sa wa shaida magana a baki, mai shari'a ta yarda da shi. Aka sake tambayar ta wata hanya, Ɗan'asabe ya ruɗe, ya ce shi dai ya san kowa a tasha. Ya sauka yana murmushi, a zatonsa ya yi abin da aka kawo shi yi.

Wani abu da ba a gaya muku a takardar ɗaukar aiki shi ne, tafinta da bakin mai magana yake magana. Ba ka cewa "ta ce ta yanke", cewa kake "na yanke". Ranar hukunci, bayan wata biyu, mai shari'a ta umarce ni in juya wa jama'a, sakin layi bayan sakin layi. Ta ce ƙuri'ar ambulan rangwame ce aka yi wa wanda ba ya nan, ba ita ce asalin hanyar zaɓe ba, kuma duk rangwamen da ya zo da sharaɗi sai an cika sharaɗin daidai. Ta ce kwamiti taro ne na mutane, mutum ɗaya a bakin hanya bai zama kwamiti ba sai in an nuna kwamitin ne ya wakilta shi, kuma ba a nuna ba. Ta ce shaidan mai ƙara da bakinsa ya faɗa cewa ya ba da jakar ne a kai wa kwamiti, wato shi kansa bai ɗauka kwamiti ya karɓa ba. Ta ce ta san mutum arba'in da ɗaya sun yi duk abin da aka ce su yi, babu laifinsu ko ɗaya, amma kotu ba ta rubuta wa ƙungiya tsarin mulki, karanta wanda suka rubuta take yi. Duk wannan daga bakina direbobin suka ji shi. Ni ne na ce musu, "Na kori wannan ƙara."

Ba a yi hayaniya ba. Suka tashi suka fita ɗaya bayan ɗaya. Da na fito, na tarar da Ɗan'asabe tsaye a gindin bishiyar da masu buga takardu suke zama. An riga an bayyana masa inda shari'ar ta karye.

"Malam Sule, kai fa Bahaushe ne."

"Bahaushe ne ni."

"Ka san abin da nake nufi."

"Na sani."

"To me ya sa ba ka faɗa mata ba?"

"Abin da ka faɗa aka rantsar da ni in faɗa, Ɗan'asabe. Ba a ba ni ikon faɗin abin da kake nufi ba."

Ya juya hular a hannunsa ya ce, "Da na sani, da na yi da ɗan Turancin da na iya." Ya sa hular ya tafi.

Wannan ita ce mummunar shekarata a aikin nan. Magana ta zaga tashoshi cewa an sayi tafinta. Aka rubuta takardar koke a kaina, aka cire ni daga zauren kotu aka mayar da ni ofishin rajistara ina ɗinke fayil, wata bakwai, ana bincike. Aka kira lauyan Haruna, tun da shi ya ji Hausar ya kuma ji Turancin. Allah ya saka masa, ya faɗi gaskiya, ya ce abin da shaida ya faɗa shi na juya, ban ƙara ba ban rage ba. Aka wanke ni a takarda. Amma takarda ba ta zuwa tasha. Na yi shekaru in shaida direba ne, sai lauyansa ya miƙe ya roƙi a kawo wani tafinta. Mai naman da nake saye wurinsa ya daina yi mini gyara. A masallacin unguwa akwai wanda ya canza sahu.

Na je Gwagwalada na sami Baba Yohanna, lokacin ya yi ritaya, idonsa ya fara tafiya. Na ba shi labari tun daga farko. Ya sa na maimaita masa kalmomin sau biyu. Ya ce, "Haka zan juya ni ma." Na jira ko zai ƙara wani abu, sai ya shiga tambayata farashin taki a cikin gari.

Abin da ya sami direbobin ya fi nawa. Na ce muku ana rubuta sunan mai ƙuri'a a bayan ambulan. A lokacin shari'a an buɗe kwaɗon jakar a gaban kotu, an ƙirga ambulan ɗin, an karanta sunayen don a shigar da su shaida, sannan aka mayar aka rufe. Ambulan ɗin kansu ba a yage ko ɗaya ba, domin sai kotu ta ce a ƙirga ake yagewa. Ni na karanta sunayen da ƙarfi, don akawun kotu ba ya iya furta su. Mutanen Alhaji Sabo suna zaune suna rubutawa. Bayan hukunci, ba a kori kowa daga ƙungiya ba, ba a ce wa kowa komai ba. Kawai dai duk mai suna a takardar nan, in ya dawo daga tafiya sai ya tarar layinsa ya yi nisa. Masu motoci suka fara karɓe makullansu. Wasu suka koma tashoshin Suleja, wasu suka koma gida noma.

Haruna ya ɗaukaka ƙara. Kafin a kai ga sauraronta, wa'adin kujerar ya ƙare, an ma yi wani zaɓen. Kotun sama ta ce babu sauran abin da za ta yanke, tun da kujerar da ake rigima a kanta ta wuce. Na karanta takardar hukuncin. A ƙarshenta ɗaya daga cikin alƙalan ya rubuta cewa shi da a ce maganar tana da rai, da ya karkata ga cewa ɗan kwamitin da ya fita aikin kwamiti ya karɓi saƙo, kwamiti ne ya karɓa, kuma bai kamata a rataya ƙuri'ar mutane a kan yadda direba ya tsara jimlarsa ba. Amma lauyoyi za su gaya muku irin wannan maganar gefe ce, ba hukunci ba ce, ba ta ɗaure kowa. Ita kuwa ƙungiyar, a babban taronta na gaba, ta soke sashen ambulan gaba ɗaya, wai shi ke jawo shari'a. Tun daga nan wanda zaɓe ya riske shi a hanya ba shi da ƙuri'a, a tasha ma kamar a ƙasa.

Bayan shari'ar nan na yi wasu irinta, na ƙungiyar 'yan kasuwa, na ƙungiyar ma'aikatan jinya masu aikin karɓa-karɓa. Wani alƙalin yakan ce a duba niyyar mai ƙuri'a, kada a jefar da ita kan ƙaramin kuskure. Wani yakan ce sharaɗi sharaɗi ne. Duk wanda shari'ar ta faɗa hannunsa, ku za ku tsaya a tsakiya, kuma sau da yawa a kan kalma ɗaya ta bakin wanda bai san nauyinta ba za a rabu.

Na yi kusan shekara tara ban ga Ɗan'asabe ba. Wata Asabar na je Dei-Dei sayen kwanon rufi, na ji an kira sunana daga ƙofar wani shagon siminti. Yana zaune a kan benci da rigar masu gadi, ya rame, ƙurar siminti ta hau masa gira. Na ɗauka zai kau da kai, sai ya matsa ya ba ni wuri. Muka gaisa, ya tambayi iyali. Ya ce motar an karɓe ta tun shekarar, ya yi ta neman wata bai samu ba, sai idonsa na hagu ya fara ba shi matsala, shi ke nan tuƙi ya ƙare. Bai ɗora mini komai ba, yana faɗa ne kamar labarin wani.

Can ya ce, "Malam Sule, ambulan ɗin nan, an taɓa buɗe su kuwa?"

"Ba a buɗe ba. Suna ɗakin ajiyar kayan shaida, a cikin jakarsu."

"Ba za a buɗe ba ke nan."

"Sai da umarnin kotu, kuma shari'ar ta mutu. Babu mai ba da umarnin."

Ya gyaɗa kai. "Tawa tana ciki, ka sani. Ni ma a Makurɗi na dangwala."

"Na sani. Ni na karanta sunanka."

"Ni fa Alhaji Sabo na zaɓa. Shi ya fara samo mini mota tun ina yaron mota. Zuwa kotun da na yi, amana aka ba ni in kawo, aka ce in zo in faɗi yadda aka yi. Kuma ba ni kaɗai ba ne, na san mutum shida ko bakwai a cikin jakar nan da shi suka yi."

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Har gida na same shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce in kawo shaida."

Wata tirela ta danno hon a bakin shagon. Ɗan'asabe ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya tafi buɗe mata ƙofa.